Kafin Ka Rufe Murfin Kwamfuta: Gyangyaɗi, Dogon Barci Ko Kashewa?

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wutar lantarki, ina gida a ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Kaka ce, duk inda ka waiga masara ce a shanye, a ƙofar gida, a filin makaranta, har a gefen titi. Kawuna shi ne magatakardan ƙungiyar manoman unguwarmu. Da damina sun karɓo taki bashi, aka raba wa mutum sittin da ɗoriya, a kan kowa zai biya da masara idan an girbe. Lissafin duka yana cikin wani littafi da ruwa ya taɓa jiƙawa, har tawadar wasu shafuka ta narke. Kawu ya ce tunda ina da kwamfuta, in mayar masa da lissafin cikinta kafin ranar taron biyan bashi.

Kwamfutar tawa ta tafi-da-gidanka ce, 'yar Beljiyam, yayana ya bar mini da na samu gurbin jami'a. Na hau acaɓa na kai ta shagon caji a Malumfashi, na jira ta cika a kan janareta, na dawo. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu yana karantowa ina bugawa. Inda rubutu ya goge, sai ya aika yaro ya kira mai sunan, ya zo ya faɗi buhu nawa ya karɓa a gaban shaidu. Dattawa uku aka kira a haka. Da aka kira magariba mun kusa gamawa, batir kuma saura kashi talatin. Na rufe murfi kamar yadda na saba, na tafi masallaci.

Washegari na buɗe, shiru. Na danna maɓalli, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na sake biyan kuɗin acaɓa da na caji. Da ta tashi, sai ta tashi kamar ba mu taɓa zama a zaure ba. Na buɗe Word, wani ɗan shafi ya fito ta gefen hagu da Turanci, ni kuma cikin gaggawa na yi ta dannawa har ya ɓace, ban tsaya karantawa ba. Daga baya na gane ashe aikin nawa ne yake tambaya ko ina so ya dawo mini da shi. Tun da muka fara ko sau ɗaya ban adana ba.

Da na gaya wa Kawu, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “To ɗan nan, kai za ka je ka sake kiran dattawan nan da bakinka.” Har yau ina jin kunyar sallamar da na yi a ƙofar gidajen nan uku.

Abin da ya jawo mini wannan wahala ƙaramin abu ne: ban san me kwamfuta take yi idan an rufe murfinta ba. Na tabbata da yawa daga cikinku, ƙannena, haka kuke. Ga shi kuwa zamani ya riga ya kawo kwamfuta har cikin ɗakin jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta. WAEC ma ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Ɗalibin da ke Funtuwa ko Bakori ko Ɗanja, wanda yake aron kwamfutar yayansa yana atisayen tambayoyi, yana bukatar ya san yadda zai riƙe ɗan cajin da ya samu, da yadda zai tsare aikinsa.

Shanya da rumbu

Kafin mu zo kan maɓallai, sai mun leƙa cikin na'urar. Kowace kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu, kuma ɗan manomi ba zai sha wahalar gane su ba.

Na farko shi ne RAM. Ku ɗauke shi kamar filin shanya. Duk abin da kake aiki a kai yanzu, wasiƙar da kake bugawa, hoton da ka buɗe, shafin intanet da kake karantawa, a nan ake baza shi don hannu ya riƙa kaiwa da sauri. Amma RAM yana da sharaɗi ɗaya mai tsanani: sai da wuta yake riƙe abu. Wuta na yankewa, ko na ƙiftawar ido ne, duk abin da ke kansa ya tafi, kamar shanyar da ruwan dare ya share.

Na biyu shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira HDD, ko sabon samfurinsa SSD. Wannan shi ne rumbu. Ɗebowa daga cikinsa ba ta kai ta shanya sauri ba, amma abin da aka zuba yana nan ko an shekara babu wuta. Duk lokacin da ka danna Ctrl da S tare, kana kwashe abin da ke shanya ne kana zubawa a rumbu.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka tashi daga gaban kwamfuta ita ce: aikina yana shanya ne ko yana rumbu? Hanyoyin nan uku na barin kwamfuta, amsoshi uku ne ga wannan tambayar. Tsarin ma ba sabo ba ne. A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta jera matakan wutar kwamfuta daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. Gyangyaɗin da aka saba da shi shi ne S3, dogon barci kuma S4.

Gyangyaɗi

Shi ne wanda aka rubuta Sleep a jikin allo, kuma a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka shi ne abin da ke faruwa idan ka rufe murfi. Allo ya mutu, fanka ta tsaya, faifai ya daina juyawa, amma ana ci gaba da ɗiga wa RAM 'yar wuta don kada ya manta. Shanya tana nan a fili, tamfol kawai aka lulluɓa mata. Shi ya sa kana buɗe murfi cikin daƙiƙa biyu ko uku komai ya dawo yadda ka bari. Wayar hannu ma kusan haka take yi idan fuskarta ta mutu.

Amfaninsa sauri ne. Haɗarinsa kuma shi ne yana cin batir, ko da kaɗan-kaɗan ne. Mu yi ɗan lissafi. Sabon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka yakan ɗauki wat-awa 40 zuwa 50. Batir mai wat-awa 45 zai iya ba da wat 45 na awa ɗaya, ko wat ɗaya na awa 45. Idan muka ɗauka gyangyaɗi yana jan wat ɗaya, to cikakken sabon batir zai kai kusan kwana biyu. Amma 'yar Beljiyam da ta sha aiki a Turai kafin ta iso kasuwarmu, batirinta zai iya zama wat-awa 15 kawai yake riƙewa. Ka bar shi da kashi talatin, ka ga saura wat-awa huɗu da rabi ke nan. Daga magariba, kafin tsakar dare ya ƙare. Abin da ya same ni ke nan.

An tsara Windows ta yadda idan batir ya kusa ƙarewa, yawanci wajen kashi 5 cikin 100, za ta yi sauri ta kwashe komai ta kai rumbu. Sai dai tsohon batir ba ya faɗin gaskiya. Zai nuna maka kashi ashirin, minti ɗaya ya faɗi ƙasa warwas, kwamfutar ba ta samu sukunin kwashe komai ba.

Akwai kuma wata matsalar a sababbin kwamfutoci. Da yawansu sun bar tsohon gyangyaɗin S3, sun koma wani salo da Microsoft ke kira Modern Standby, inda na'urar ba ta gama runtsawa, tana iya ci gaba da 'yan ayyuka a ɓoye. Wani lokaci takan farka a cikin jaka, babu iska, ta yi ta zafi har batir ya ƙare. Idan ka taɓa ciro kwamfuta daga jaka ka ji ta kamar dutsen guga, ka san abin da nake nufi. Tsohuwar ma tana iya farkawa idan murfi ya ɗan ɗaga ko linzami ya motsa. Idan mai HDD ce abin ya fi muni, domin faifan yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancinsu, ga acaɓa yana faɗawa ramuka a hanyar ƙauye. Girgiza ɗaya mai ƙarfi tana iya lalata faifan da duk abin da ke cikinsa.

Dogon barci irin na gaiwa

Duk wanda ya taso kusa da fadama ya san gaiwa, wadda idan ruwa ya janye da rani take shigewa cikin laka ta naɗe, ta kwanta watanni har damina ta dawo. Turawa suna da kalmar irin wannan kwanciya da wasu dabbobin ƙasashen sanyi ke yi da hunturu, ita suka aro suka sa wa mataki na biyu, Hibernate.

A nan kwamfuta takan kwafe duk abin da ke cikin RAM, ta rubuta shi a faifan ajiya cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys, sannan ta mutu gaba ɗaya. An ɗure shanya a buhu, an rubuta wa kowane buhu inda aka kwaso shi, an kai rumbu. Idan ka kunna, sai ta sake baza komai yadda yake, har layin da ka tsaya a rubutu. Ba ta tashi da saurin gyangyaɗi ba: mai SSD takan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi, mai tsohon faifai tana iya kai minti guda. Amma kusan babu abin da take ci na batir. Ko ka cire batirin ma, ko ka yi mako ba ka kunna ba, aikinka yana nan.

Kuɗin da kake biya shi ne wuri a faifai. A Windows 10 fayil ɗin yakan kai kamar kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato mai RAM gigabait 8 zai rasa gigabait uku da 'yan kai. A ganina wannan ciniki ne mai riba ga duk wanda wuta ba ta zama a unguwarsu.

Abin mamaki, wannan matakin da ya fi dacewa da mu shi ne aka ɓoye. Tun daga Windows 8, idan ka danna alamar wuta yawanci Sleep da Shut down da Restart kawai za ka gani. Waɗanda suka tsara abin suna zaune inda ɗauke wuta labari ne na jarida. Mu da muke auna caji kamar yadda ake auna gero da tiya, sai mun fito da shi da kanmu, kuma zan nuna yadda ake yi a ƙasa.

Abu biyu dogon barci ba ya tsarewa. Idan kana cike fom a intanet, shafin zai dawo, amma mai yiwuwa can wurinsu lokacinka ya ƙare, sai ka sake daga farko. Haka nan idan fayil ɗin da kake aiki a kai yana cikin filashi ne, kada ka zare filashin ka ba wani aro alhali kwamfuta tana barci da fayil ɗin a buɗe.

Kashewa, da abin da ke ɓoye a cikinta

Shut down shi ne kashewa. Ana rufe kowace manhaja, a share filin shanya tas. Abin da ka adana yana rumbu, wanda ba ka adana ba za a tambaye ka sau ɗaya, in ka yi gaggawa irin tawa ya tafi.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun da aka fitar da Windows 8 a 2012, kashewar ba cikakkiya ba ce. An saka wani tsari mai suna Fast Startup, wanda yake rufe manhajojinka, amma ya ɗauki zuciyar Windows ɗin kanta ya kwantar da ita a fayil ɗin nan na dogon barci, don ta yi saurin tashi gobe. Ma'ana, idan wata 'yar matsala ta maƙale a ciki, misali sauti ya ɗauke ko ta ƙi ganin firinta, za ka iya kashewa ka kunna sau goma matsalar tana nan, domin tare suke kwana tare suke tashi.

Maganin wannan shi ne Restart. Shi ne yake zubar da komai ya ɗora Windows sabuwa fil. Don haka idan kwamfuta ta fara nauyi ko wani abu ya ƙi aiki, fara da Restart kafin ka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara. Ko lafiyarta ƙalau, yana da kyau ka yi mata shi kamar sau ɗaya a mako. Kana son ka gani da idonka? Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU, ka duba inda aka rubuta Up time. Za ka iya tarar da kwanaki da yawa a rubuce, alhali kullum dare kana kashewa. Idan kuma cikakkiyar kashewa kake so, misali za a buɗe cikinta a ƙara RAM, riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down.

Akwai wata hanyar da ba ta cikin lissafi, amma ita yara suka fi yi: danne maɓallin wuta har na'urar ta mutu, ko zare waya daga bango. Wannan daidai yake da a fizge wa mai rubutu littafi yana tsakiyar kalma. Fayil zai iya lalacewa, wani lokaci Windows ɗin ma ta ƙi tashi. A bar shi sai ranar da kwamfuta ta daskare, linzami ba ya motsi, babu wata dabara.

Sannan a kula da sabuntawa. Idan ka ga Update and shut down, ga batir ya yi ƙasa, ga babu tabbacin wuta, kada ka zaɓe shi. Jira sai kana kan caji mai ɗorewa. Mutuwar batir a tsakiyar sabuntawa tana cikin abubuwan da ke kai kwamfuta shagon gyara.

Yadda za ka saita taka

Wannan aikin minti biyar ne, kuma hanyar ɗaya ce a Windows 10 da 11. Idan kwamfutar ba taka ba ce, nemi izinin mai ita tukuna.

Da farko danna alamar Windows, ka rubuta Control Panel ka buɗe. Shiga Hardware and Sound, sannan Power Options. A gefen hagu zaɓi Choose what the power buttons do. A saman shafin akwai rubutu mai launin shuɗi, Change settings that are currently unavailable, danna shi. Gangara ƙasa, ka sa alama a akwatin Hibernate, ka danna Save changes. Daga yanzu zai riƙa fitowa tare da sauran.

A wannan shafin dai za ka ga layin When I close the lid, wato abin da za ta yi idan an rufe murfi, da gida biyu: ɗaya na lokacin da take kan batir, ɗaya na lokacin da take kan caji. Ni a tawa na sa Hibernate a gidan batir, na bar Sleep a gidan caji. Tun daga ranar, ko na manta na rufe murfi na jefa ta jaka, na san ta kwanta da gaske.

Na uku, rage lokacin da allo yake zama a kunne ba a aiki. Shiga Settings, sannan System, sannan sashen Power. Sa allo ya mutu bayan minti uku ko biyar a kan batir, gyangyaɗi kuma bayan minti goma. Allo yana cikin abubuwan da suka fi shan batir, don haka rage haskensa ma yana ƙara maka lokaci sosai, musamman da dare.

Na huɗu, ka san gaskiyar batirinka. Danna alamar Windows, rubuta cmd ka buɗe, sannan ka buga powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton. A ciki nemi layi biyu: Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, wato abin da yake ɗauka yanzu. Da na gwada a tawa, na tarar ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Ranar da za ku raka Baba ko Yaya sayen kwamfuta ta hannu, a Funtuwa ne ko Zariya ko Kano, ku roƙi mai shago ya bari ku yi wannan gwajin kafin a biya kuɗi.

Wanne, kuma yaushe?

Za ka tashi salla, ko cin abinci, ko Inna ta aike ka nan kusa, kuma akwai caji? Adana aikinka, ka sa ta gyangyaɗi.

Za ka sa ta a jaka, ko za ka hau acaɓa, ko za ka kwanta barci da aiki a buɗe, ko ba ka san yaushe za ka sake samun caji ba? Adana, ka sa ta dogon barci, kuma ka jira fitilunta su mutu duka kafin ka rufe jaka.

Ka gama aiki, ko za ka yi kwanaki ba ka taɓa ta ba, ko za ka miƙa wa wani? Kashe ta. Wannan na ƙarshe ya shafi sirrinka ma. Gyangyaɗi da dogon barci duk suna dawo da abin da ka bari a buɗe, har Facebook ɗinka da saƙonninka. A shagon kwamfuta ko a makaranta, fita daga kowane asusu naka kafin ka tashi. A taka kuma sa kalmar sirri, ka saba danna maɓallin Windows da L tare duk lokacin da za ka ɗaga.

A ɗakin kwamfuta na makaranta

Kwamfutar kan tebur ba ta da batir, don haka lissafinta daban ne. Idan tana gyangyaɗi aka ɗauke wuta, RAM ya tafi nan take. Don rage wannan haɗarin ne aka kawo Hybrid sleep tun zamanin Windows Vista, wanda yake barin aiki a RAM kuma ya ajiye kwafi a faifai, kuma yawanci a kunne yake zuwa a kwamfutocin tebur. Duk da haka kada ka dogara da abin da ba ka duba ba. Akwatin nan mai ƙara da ake kira UPS ma mintuna kaɗan yake bayarwa, kuma an yi shi ne don ka samu damar adanawa ka kashe, ba don ka ƙarasa wasa ba.

Idan Malam ya ce saura minti biyar a kashe janareta, ka adana, ka danna Shut down, ka jira ta mutu, sannan a kashe soket. Kashe soket ɗin yana da dalili. Wutar gidajenmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma lokacin da aka dawo da ita, ko aka juya daga janareta, tana iya zuwa da ƙarfin da ya wuce kima. Da damina kuma ga tsawa. Na'urar da ke jone da bango tana cikin haɗari ko a kashe take, har da cajar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Makarantun da ke amfani da sola su ma abin ya shafe su. Mu ɗauka kowace kwamfutar tebur da allonta tana jan wat 80. Guda ashirin da aka bari a kunne lokacin tara, wat 1,600 ke nan suna zuƙe batiran inbata babu mai amfana. Shi ya sa 'yan ajin da ke shiga bayan azahar sukan tarar wuta ta ƙare. Idan kai ne shugaban ɗakin kwamfuta, wannan gyara ne da za ka iya kai wa Malam.

Zafi da ƙura

Batiran kwamfuta na zamani ba sa shiri da zafi. Kamfanin Apple, misali, yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura haka. Kada ka bar kwamfuta a rana ko cikin mota a rufe, kuma kada ka ɗora ta kan katifa ko filo tana aiki, domin ƙofofin iskarta a ƙasa da gefe suke. Faranti ko allon katako ya wadatar. Da hunturu kuma fanka tana zuƙar ƙura duk lokacin da take juyawa, don haka kwamfutar da aka bari a kunne ba dalili ƙura kawai take tarawa. Idan za ka ajiye ta na tsawon zango guda, kashe ta da caji wajen rabi, ba a cike ba, ba kuma a ƙare ba.

Duk wannan bayani, abu ɗaya ya fi shi muhimmanci, shi ne Ctrl da S. Ba wa aikinka suna ka adana tun layin farko, ka riƙa maimaitawa duk bayan 'yan mintuna har yatsunka su saba. Word yana ajiye kwafin ceto duk bayan minti goma, amma taimako ne, ba madogara ba. Idan kuma ɗan shafin nan ya fito maka ta hagu bayan mutuwar kwamfuta, tsaya ka karanta, ko ka kira wanda zai karanta maka.

Lissafin Kawu dai mun sake shi cikin dare biyu, aka yi taro, kowa ya kawo masararsa ba tare da gardama ba. Yanzu kwafi uku ne da shi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a takarda da na buga masa a Malumfashi. Na yi masa bayanin shanya da rumbun nan sau ɗaya, ya kuwa riƙe. Duk lokacin da muka zauna aiki a zaure, ladan yana fara kiran salla, kafin in kai hannu kan murfi sai in ji ya ce, “Ɗan nan, ka kai rumbu?”